Kafin Gungume Ya Hau Inji

Akushinmu da turminmu da gizago ake yin su: itace yana zaune, masassaƙi yana zagaya shi. A Turai da Amurka akwai masu ɗaure itacen a jikin inji ya yi ta juyawa, su kuwa su tsaya wuri ɗaya su kara masa ƙarfe mai kaifi har kwano ya fito. Idon mai kallo yakan tafi kan wannan juyi. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ake yi kafin nan, musamman idan gungumen ƙato ne, irin wanda mutum biyu ba sa iya ɗagawa.

Duk wahalar daga ruwa take. Itacen da aka sare yau, rabin nauyinsa na iya zama ruwa. Ruwan farko yana fita salin-alin, bai taɓa siffar komai ba. Sai danshi ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari sannan itace ya fara tsukewa, kuma ba ya tsukewa daidai wa daida. A tsawonsa kusan ba ya motsi. Ta bin zobban da ke zagaye da cibiyarsa kuwa, yakan ja kusan ninki biyu na abin da yake ja daga ɓawo zuwa tsakiya. Shi ya sa gungumen da aka bari ɗungurungum yake darewa daga cibiya zuwa waje, ko da ba wanda ya taɓa shi.

Saboda haka gwani ba ya gaggawar tayar da zarto. Zai mirgina gungumen, ya duba bakin yanka, ya nemi ƴar tsagar da ta riga ta fara a cibiya, domin ita ce za ta nuna masa inda itacen yake son rabewa. Zai lura da inda reshe ya fito, da inda ɓawo ya nutse ciki, da alamar tsohuwar ƙusa ko waya da bishiyar ta haɗiye. Sai ya ja layi biyu da alli, ɗaya a kowane gefen cibiya, ya yanka, ya fitar da falan tsakiyar gaba ɗaya. Asara ce a ido, amma duk kwanon da aka bar wa cibiya a jiki yana ɗauke da tsagarsa tun ranar farko. A ranar kuma zai shafe bakin yankan da kaki ko gam ko fenti mai kauri, don ta nan ruwa yake gudu sau goma ko fiye da yadda yake fita ta gefe. In baki ya bushe ciki yana jiƙe, kwana kaɗan ya isa ya dare.

Sai batun nauyi. Ƙaton itace da ya rinjaya gefe ɗaya, idan ya fara juyawa, yana iya girgiza inji har ya yi tafiya a ƙasa, ko ya ƙwace ya yi kan mai aiki. Don haka ake yanka kwali zagayayye a ɗora a kai, a bi gefensa a rage kusurwoyi, a baje fuska ɗaya sumul yadda farantin ƙarfen da ke riƙe itace a jikin inji zai zauna a ɗaure shi da sukurori. A juya da hannu tukuna, a ga inda ya rinjaya, a sake ragewa, sannan a tayar da inji a hankali.

Ko a nan ba a kai ga kwano ba. A ƙasashen sanyi lissafin da aka saba shi ne shekara guda ga kowane inci na kauri, kenan falan da ya kai inci takwas sai ya ci shekaru, kuma da wuya ya tsira lafiya. Dabarar ita ce a yi juyi biyu. A na farko, itace yana ɗanye, a raraƙe cikinsa a bar bango mai kaurin kashi goma cikin ɗari na faɗin kwanon: mai faɗin santimita 50 a bar masa santimita 5. A sake shafe shi, a rubuta rana da nauyi a jikinsa, a ajiye inda rana ba ta bugu, iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. Lokaci-lokaci a ɗora a sikeli. Wata shida, shekara, wani lokacin fiye. Zai karkace ya koma siffar ƙwai, kuma dama don haka aka bar kaurin, domin a sami abin da za a sake zagayewa a juyi na biyu, ranar da nauyinsa ya daina raguwa.

Mutumin da ya kai wannan aiki inda ba a zata ba shi ne Ed Moulthrop na birnin Atlanta a Amurka, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 2003. Mai zanen gine-gine ne, ya ajiye wannan sana'a ya rungumi itace. Kwanukan da yake so sun fi ƙarfin injunan kasuwa, sai ya haɗa nasa injin, ya ƙera nasa dogayen ƙarafa. Tsagewa kuwa ya tare ta da wani sinadari mai kama da kaki, PEG, wanda ke narkewa a ruwa. Bayan juyin farko yakan tsoma kwanon cikin tankin wannan ruwa na watanni, sinadarin ya ratsa jikin itace ya zauna a gurbin ruwan, ta yadda ko ya bushe ba ya tsukewa sosai. Da irinsa aka ceci Vasa, jirgin ruwan Suwidin da ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961, aka shafe shekara 17 ana fesa masa.

Hanyar tana da nata sharuɗɗa. Dole itacen ya shiga tanki yana jiƙe, busasshe ba ya sha. Kuma itacen da ya sha PEG ba kowane fenti yake karɓa ba, sai da Moulthrop ya yi ta gwaji kafin ya sami shafen da ya kama ya ba da ƙyallin da aka san shi da shi. Bai nemi itacen wata ƙasa ba, da bishiyoyin yankinsa na kudu maso gabashin Amurka ya yi aiki, har da waɗanda masu katako ba sa ɗauka da daraja. Ɗansa Philip da jikansa Matt sun gaji sana'ar a jihar Jojiya, kuma aikin su ukun yana manyan gidajen adana kayan fasaha na Amurka.