Tulin soso a sirdin keke: gata ne ko cuta?

Idan ka bi hanyar Gaya zuwa Ajingi da safe, duba sirdin kekunan masu kai kaya kasuwa. Da yawa an naɗe su da yankin tsohuwar katifa, an ɗaure da robar tayar keke. Yanzu kuma a gwanjo ana samun gajeren wandon 'yan tseren keke mai soso a gindi, samari na ɗauka wai wanda ya fi kauri ya fi kyau. Ni dai ban yarda ba.

Jikinka yana da ƙasusuwa biyu a ƙasan ƙugu, su aka tanada domin zama. A kan sirdi mai ɗan tauri, su ke ɗaukar nauyinka. Amma idan soso ya yi laushi da kauri, ƙasusuwan sai su nutse, sosan tsakiya ya taso ya danne naman da ke tsakanin gaba da dubura, inda jijiyoyi da hanyoyin jinin al'aura suka ratsa. Shi ya sa minti goman farko za ka ji kamar kana kan kujera, bayan awa guda wurin ya sage. Kada ka ɗauki wannan sagewar da wasa, malam.

Asalin abin da ake ɗinka wa wandon tsere ma ba soso ba ne. Tattausar fata ce siririya, aikinta hana wandon ulu goge cinya. Sai wajajen 1980 aka fara sauya ta da soso da yadi na zamani. Kuma an ƙera shi ne domin mai tuƙi a sunkuye, ba mai Phoenix da ke zaune tsaye da buhun gero a baya ba.

Ga kuma zafin watan Afrilu. Sosan katifa yana shan gumi ya riƙe, fata ta jiƙa, gogayya ta ƙaru, sai ƙuraje da maruru. Wandon gwanjo kuwa, sosansa ya riga ya lotsa a jikin wani.

Kafin ka sayi komai, je wurin mai gyaran keke ya daidaita maka tsayin sirdi, yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan idan feda ta kai ƙasa, kuma kada hancin sirdin ya kalli sama. Wannan aikin sifana ne na minti biyar.