Jinjina Ga 'Yan Darar Ƙasar Daura

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan masarautar Daura da rani, daga Sandamu zuwa Zango ko Mai'aduwa, bayan amfanin gona ya shiga rumbu kuma an idar da sallar La'asar, da wuya ya rasa ganin dattawa a gindin darbejiya sun kewaye gurabe 30 da aka tona cikin yashi, wannan da karare 12, abokin karawarsa da tsakuwoyi 12, kowa na neman jera uku domin ya ci ɗa guda na ɗan'uwansa.

Gwanintarsu sananniya ce, amma ladabinsu ne ya fi ɗaukar hankalina. Na ga dattijo ya ɗaga kara, ya riƙe shi a sama yana nazari har inuwa ta gusa, alhali 'yan kallo, waɗanda sun hango gurbin da ya kamata ya sa, sun kame bakinsu, domin wasan amana ce tsakanin mutum biyu, ba ta karɓar na uku. Da aka cinye shi, sai ya share yashi da tafin hannu, ya ce, "Malam, ka iya," ya matsa wa mai jira. Babu alƙali a nan, babu rubutacciyar ƙa'ida. Kunya da haƙuri ke yanke hukunci, kuma da ladan ya ɗaga murya, ko wasa ya yi zafi, an tashi ke nan.

Samarinmu masu wasa da baƙi ta wayar hannu, ku je gindin darbejiyar nan gobe da La'asar, ku yi sallama, ku zauna ku kalla.