Sahara daga sama, Sahara daga ƙasa

Duk sanda jirgi ya gifta ta saman Kontagora, yaran unguwarmu sukan fito suna ɗaga masa hannu. Mu kuwa yakan tuna mana da Antoine de Saint-Exupéry, Bafaranshen marubucin nan da son tuƙin jirgi ya ci ransa.

An haife shi a Liyon a 1900. Ya yi aikin kai wasiƙu ta sama daga Tulus zuwa Dakar, a zamanin da jirgi ke faɗuwa kamar ba komai ba. A 1935 nasa ya faɗi a hamadar Libiya, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai wani Balaraben ƙauye ya cece shi. Ran 31 ga Yuli 1944 ya tashi daga tsibirin Kosika, bai dawo ba.

Littafinsa Terre des hommes na 1939, wato "Duniyar 'Yan Adam", shi muka fi so. Ba ya cika baki. Yana nuna tsoron matuƙi cikin dare da darajar abokin aiki, kuma wanda bai taɓa jin ƙishirwa ba zai ji ta a shafin.

Amma fa akwai inda muka rabu da shi. A idonsa hamada wurin kaɗaici ce da tunani. Mutanenta kuwa sukan zo su wuce, ba kasafai muke jin abin da ke ransu ba. Ko Bark, bawan da ya fansa, da bakin Bature muka ji labarinsa.

A nan ne za mu ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarinsa kuma daga Kagara ya faro. Hamadar dai ita ce, amma a ƙasa aka keta ta: yaro ya tafi da ayari, uwa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Garinmu ya san wannan tarihi, ba sai an faɗa mana ba.

Shawararmu ga malamai da iyaye: a ba yara littattafan biyu tare. Na farko zai sa su sha'awar tashi sama. Na biyu zai hana su manta waɗanda suka taka rairayin da ƙafa.