Maki 2,821 da 42: Fielding Yost da Zamanin Kocin Haya a Jami'o'in Amurka

Ranar 1 ga Janairun 1902, masu shirya bikin furanni na sabuwar shekara a garin Pasadena na jihar Kalifoniya suka gayyato Jami'ar Michigan ta kara da Jami'ar Stanford a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallon a ruga da ita kamar zari-ruga. Saura minti takwas a tashi, kyaftin ɗin Stanford ya nemi a dakata haka nan. Michigan na da maki 49, Stanford ko ɗaya. Masu bikin suka ga abin bai yi armashi ba, suka jingine ƙwallo, daga baya suka koma tseren keken doki, ba su sake shirya wasan ba sai 1916. Wannan karawa ce ta farko a jerin da ake kira Rose Bowl a yau.

Kocin da ya kawo Michigan, Fielding H. Yost, shi ne kocin Stanford ɗin a kakar da ta gabata. An rabu da shi ne saboda jami'ar ta yanke cewa daga lokacin tsohon ɗalibinta kaɗai zai horar da ƙungiyarta. Wannan hukunci da abin da ya biyo bayansa sun nuna rigimar da ta dabaibaye wasan a farkon ƙarni na 20: ƙungiyar ta ɗalibai ce, ta malamai ce, ko ta baƙon da aka ɗauko haya ya kawo nasara?

Tun karawar Rutgers da Princeton ta 1869, wasan na ɗalibai ne. Kyaftin ke zaɓen 'yan wasa, shi ke tsara atisaye, tsofaffin ɗalibai kuma su leƙo su ba da shawara. Walter Camp, wanda ya tsara yawancin dokokin farko, a kamfanin agogo yake aiki a New Haven yana taimaka wa Yale a gefe. Manyan jami'o'in gabas suna ganin biyan koci albashi zubar da girma ne. Na yamma kuwa ba su da tarin tsofaffin 'yan wasan da za su dogara da su, sai suka shiga kasuwa. A 1892 sabuwar Jami'ar Chicago ta ɗauki Amos Alonzo Stagg, ta ba shi matsayi cikin malamai. Sauran suka riƙa ɗaukar koci na wata uku, kaka na ƙarewa a sallame shi.

Yost ɗan wannan kasuwa ne. An haife shi a 1871 a jihar West Virginia, ya karanta lauya a jami'ar jihar. A 1896, yana tsakiyar buga mata wasa, ya ɓulla a Kwalejin Lafayette, ya taya ta doke Pennsylvania 6 da 4, sannan ya koma inda ya fito. Ɗan wasan haya ke nan, kuma a lokacin ba wata doka mai ƙarfi da ta hana. Da ya koma horarwa sai ya zagaya makarantu huɗu cikin shekara huɗu: Ohio Wesleyan a 1897, Nebraska a 1898, Kansas a 1899 inda ya ci wasanni 10 ba a doke shi ba, sai Stanford a 1900. Daga nan Charles Baird, mai kula da wasannin Michigan, ya ɗauko shi zuwa garin Ann Arbor.

Alƙaluman shekaru biyar na farko har yau ana jinjina su. A 1901 Michigan ta buga wasa 11 ta cinye duka, ta tara maki 550, ba a ci ta ko ɗaya ba. A 1902, 644 da 12. A 1903, 565 da 6. A 1904, 567 da 22. A 1905, 495 da 2. Jimilla 2,821 da 42 a wasanni 57, an ci 55, an yi kunnen doki ɗaya, an faɗi ɗaya. 'Yan jarida suka yi musu laƙabi da masu cin maki guda kowane minti.

Mai karanta wannan jadawali zai ɗauka mu'ujiza ce, amma abubuwa uku ne suka haɗu suka samar da shi.

Na farko dokokin zamanin ne da yadda Yost ya karance su. Ba a jefa ƙwallo gaba, kuma ƙungiya na da dama uku ta ci yadi biyar kacal. Wanda ya fi ƙarfi da juriya zai iya riƙe ƙwallo ya yi ta turawa har layin ƙarshe, ya ci maki biyar, ya sake dawowa. Ɗan wasan da aka canza ba ya komawa fili, don haka wanda ya gaji sai ya gaji a ciki. Yost ya gina komai a kan gaggawa: mai rarraba ƙwallo, Boss Weeks, yana kiran dabara ta gaba tun abokan hamayya ba su gama tashi daga ƙasa ba. Yawan ce wa yaransa su hanzarta ne ya jawo wa Yost laƙabin Hurry Up. Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba, Keene Fitzpatrick, mai kula da lafiyar jiki da juriyar 'yan wasan, wanda aikinsa ya sa wannan gudu ya yiwu har ƙarshen wasa.

Na biyu waɗanda aka kara da su. Michigan ta lallasa Buffalo 128 da 0 a 1901, kwalejin noma ta jihar 119 da 0 a 1902, West Virginia 130 da 0 a 1904. Ƙananan kwalejoji kan zo Ann Arbor su sha kashi su karɓi kasonsu na kuɗin ƙofa. Da an gamu da tsara sai lissafi ya sauya: Wisconsin 6 da 0 a 1902, Chicago 22 da 12 a 1904. A 1903 Minnesota ta riƙe ta 6 da 6, 'yan kallo suka cika fili kafin lokaci ya cika, Michigan ta bar tulun ruwanta a can, tulun da ya zama kofin da jami'o'in biyu ke takara a kai har yanzu. Kuma cikin shekarun nan biyar Michigan ba ta taɓa haɗuwa da Yale, Harvard, Princeton ko Pennsylvania ba. Harvard ta cinye wasanninta duka a 1901, Princeton a 1903, Pennsylvania a 1904. Kambun ƙasa huɗu da ake lissafa wa Yost daga 1901 zuwa 1904 ba a fili aka yanke su ba, masana ne suka raba su a takarda bayan shekaru.

Na uku yadda ake samo 'yan wasa. Willie Heston, wanda ya kai ƙwallo layin ƙarshe sau 72 cikin shekara huɗu, Yost ya san shi ne a kwalejin horon malamai ta San Jose, ya jawo shi Michigan karatun lauya bayan ya riga ya buga wa waccan makaranta. Shugaban Stanford, David Starr Jordan, ya fito fili ya zargi Yost da mayar da wasan ɗalibai sana'a. Magoya bayan Michigan suka ce haushin kashi ne. Ko ma dai mene ne, koci ya zama mai neman 'yan wasa da kansa, aikin da a da babu shi.

Jerin wasanni 56 ba faɗuwa ya yanke ranar 30 ga Nuwamban 1905 a Chicago. Walter Eckersall na Chicago ya buga ƙwallo mai nisa, Denny Clark na Michigan ya cafe ta a bayan layinsu ya yi yunƙurin fitowa da ita, aka tura shi baya aka kayar. Maki biyu ke nan ga yaran Stagg, kuma su kaɗai aka ci a ranar. Jaridu suka ɗora wa Clark laifi har ya bar gari. A nan ake ganin yadda labarin wasan ya sauya mai shi: nasarori 55 na Yost ne, faɗuwa ɗaya ta ɗalibi ce.

Shekarar ta zo da abin da ya fi wannan muni. Jaridar Chicago Tribune ta ƙirga 'yan wasa 18 da suka mutu a kakar. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard, Yale da Princeton fadarsa a watan Oktoba. Columbia ta soke wasan, Stanford da Jami'ar Kalifoniya suka koma zari-ruga. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka mai da yadi biyar goma, aka kafa ƙungiyar kula da wasannin jami'o'i da ta zama NCAA a 1910. Har Harvard mai ƙyamar kocin haya ta biya Bill Reid dala 7,000 a 1905, fiye da albashin kowane farfesa nata.

Abin mamaki, shugaban Michigan ne da kansa, James B. Angell, ya kira taron jami'o'in yamma a farkon 1906. Taron ya rage wasannin kaka zuwa biyar, ya taƙaita shekarun ɗan wasa zuwa uku, ya ce koci ya zama cikakken ma'aikacin jami'a. Kowa ya san wanda ake nufi, domin Yost kan gama kaka ya koma harkokin kasuwancinsa a Nashville. Ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka tsaya masa, majalisar gudanarwar jami'ar ta bi su, a 1908 Michigan ta fice daga ƙungiyar jami'o'in yamman, ba ta dawo ba sai 1917. Jami'a ta zaɓi kocinta a kan dokar da shugabanta ya jagoranci tsarawa.

Shekarun waje sun gwada Yost da ma'aunin da ya tsallake a da. Pennsylvania ta doke shi 17 da 0 a 1906, 6 da 0 a 1907, 29 da 0 a 1908, sai a 1909 ya rama. Amma ya nuna ba dokokin da ne kaɗai suka ɗaga shi ba. Ƙungiyarsa ta 1925, wadda ta dogara da jifan Benny Friedman da cafiyar Bennie Oosterbaan, ta ci maki 227 aka ci ta 3, kuma ukun nan ne suka kayar da ita 3 da 2 a hannun Northwestern cikin taɓo. Ya ajiye horarwa bayan kakar 1926 da nasara 165, faɗuwa 29, kunnen doki 10 a Michigan.

Kafin nan, tun 1921, ya zama shugaban sashen wasanni gaba ɗaya, ya gina katafaren filin Michigan da aka buɗe a 1927. Wannan iko yana da ɓangaren da jadawalin maki ba ya nunawa. A 1934, yana kan kujerar, aka ajiye ɗan wasan Michigan baƙar fata, Willis Ward, a benci saboda Georgia Tech ta ƙi karawa da baƙar fata, duk da zanga-zangar ɗalibai. Gerald Ford, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, abokin Ward ne a ƙungiyar.

Chicago ta bi wata hanyar. Ta yi wa Stagg ritayar dole bayan kakar 1932, a 1939 kuma, shekarar da Michigan ta ragargaje ta 85 da 0, shugabanta Robert Hutchins ya sa aka soke wasan baki ɗaya. Yawancin manyan jami'o'i sawun Michigan suka bi. Filin da Yost ya gina yana ɗaukar mutum sama da 107,000 yanzu, kuma a jihohin Amurka da dama kocin ƙwallon jami'ar jiha ya fi gwamna da shugaban jami'ar albashi nesa ba kusa ba.