Dariya Cikin Yunwa: Nazarin Barkwancin Will Rogers

Gabatarwa

Masu nazarin adabi sukan ɗauki barkwanci tamkar ɗan bora, ba a tunawa da shi sai an gama da waƙa da ƙagaggen labari. A wannan 'yar maƙala za mu duba aikin wani marubucin Amurka mai suna Will Rogers (1879-1935), wanda ya mai da labaran jarida abin dariya a lokacin da ƙasarsa ke cikin matsanancin talauci. Tambayar da muke son amsawa ita ce: shin dariyar nan ta farkar da talaka ne, ko kuwa ta lallashe shi?

Zamanin da Ya Yi Rubutu

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta birnin Niyok ta rushe. Dubban bankuna suka rufe da ajiyar jama'a, masana'antu suka sallami ma'aikata, har ya zamana a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na masu neman aiki yana zaman kashe wando. Duk da haka bakin talaka bai mutu ba. Unguwannin bukkokin kwali da gwangwani da marasa gida suka kafa, sai aka laƙaba musu sunan Shugaba Hoover. Tsohuwar jaridar da mai kwanan titi ke lulluɓa da ita ta zama "bargon Hoover", aljihun da aka zazzago waje babu ko anini kuwa ya zama "tutar Hoover". Ke nan Rogers ya tarar da barkwancin a bakin jama'a, shi dai ya kai shi shafin jarida.

Salo

Rogers haifaffen yankin da ya zama jihar Oklahoma ne, yana da jinin ƙabilar Cherokee, kuma da wasan igiyar makiyaya ya fara suna a dandali. Daga 1926 har zuwa mutuwarsa yakan aika wa jaridu ɗan gajeren sharhi kusan kullum ta wayar tangaraho, ɗaruruwan jaridu kuma suna bugawa. Dabararsa ita ce ya sa rigar baƙauye, ya ce shi bai san komai ba sai abin da ya karanta a jarida. Yakan rubuta yadda ake magana a kasuwa, ba ruwansa da ƙa'idar nahawu. Wannan ya sa mai karatu ya sake da shi, domin ba ya jin ana yi masa wa'azi.

Idan muka auna shi da ma'aunin da muka saba, za mu ce habaici ya fi yawa a aikinsa, zambo kaɗan ne. Yakan ambaci 'yan majalisa da masu banki, amma ba ya tona asirin wani ko ya aibata halittarsa. Sai ya jera abu biyu da ba su dace da juna ba, ya bar mai karatu ya gano ɓarakar da kansa.

Jigo

Babban jigonsa shi ne yunwa a tsakiyar wadata. Alal misali, a jawabin da ya yi a rediyo ranar 18 ga Oktoba, 1931, ya nuna cewa ƙasar tana da alkama da masara da auduga da kuɗi a banki fiye da kowace ƙasa, ga shi kuwa mutane suna kwana da yunwa. Ya kwatanta Amurka da wanda zai tafi gidan gajiyayyu a cikin motarsa. Daɗin daɗawa, ya faɗa a fili cewa manyan masu kuɗi ne suka jawo masifar, ma'aikaci ba shi da laifi. A nan barkwanci ya yi abin da dogon bayanin masana tattalin arziki ya kasa, watau ya cire wa marar aiki kunyar ɗaukar kansa a matsayin malalaci.

Rauninsa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wancan jawabi an yi shi ne a shirin da kwamitin agajin marasa aiki na gwamnati ya tsara, kuma Shugaba Hoover da kansa ya yi magana a cikin shirin. Rogers yana cikin 'yan wasan da suka fi samun kuɗi a Holiwud, kuma da yawa daga waɗanda yake yi wa ba'a abokan cin abincinsa ne. Matsayinsa ya yi kama da na wawan sarki, wanda ke faɗin abin da fadawa ke tsoron faɗi, amma daga akushin fada yake ci. Shi ya sa sukarsa takan tsaya a kan kira ga masu hali su taimaka.

Bugu da ƙari, ya yabi Mussolini na Italiya bayan sun sadu a 1926. A 1934 kuma ya furta kalmar cin mutuncin baƙar fata a rediyo, har ƙungiyar NAACP ta yi ƙorafi. Wannan ya nuna cewa "talaka" a idonsa yawanci farar fata ne, alhali baƙaƙen Amurka sun fi kowa rasa aiki a wancan lokaci.

Amma kada mu zalunce shi. A farkon 1931, lokacin da fari ya addabi manoman Arkansas da Oklahoma da Texas, ya zagaya garuruwa yana wasa, kuɗin da aka tara kuma aka ba da su agaji.

Kammalawa

Rogers ya mutu a haɗarin jirgin sama a Alaska ranar 15 ga Agusta, 1935. A ganinmu, dariyarsa ta buɗe idon talaka ga wanda ya cuce shi, sannan ta sanyaya masa rai kafin ya tambayi abin yi. Darasin da ke nan ga ɗalibai masu sha'awar rubutun barkwanci shi ne, bai isa mu tambayi ko rubutu ya ba da dariya ba. Wajibi ne mu duba wa aka yi wa dariyar, wa aka manta da shi, kuma wa ke ciyar da marubucin.