Al-Wahda ta faɗi, mu kuma muna nan muna musu a kan Ighalo

Tun da Al-Wahda ta faɗo daga babbar gasar Saudiyya a ranar ƙarshe ta kakar wasa, cikin watan Mayun 2025, musu ɗaya ake ta maimaitawa a majalisun mutanenmu na Makka, daga Shara Mansur zuwa Misfala. Wasu na cewa koci ne ya bar Odion Ighalo shi kaɗai a gaba kamar maraya, da an haɗa shi da wani da ba a kai ga haka ba. Wasu kuma na cewa ai Ighalon ne matsalar, ya tsufa, da an ajiye shi an sa yara masu gudu da yanzu wani labarin ake. Ku da kuke Kano ko Maraɗi ko Landan kuna jin ƙarshen zancen ta waya daga bakin 'yan uwa. Ni a ganina dukkan ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki, kuma zan faɗa muku dalilina.

Bari in fara da wace ce Al-Wahda, saboda yaranmu da yawa da aka haifa a garin nan sun fi sanin jerin 'yan wasan Real Madrid a kan na ƙungiyar garinsu. Tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin ƙasar nan, ja da fari take sawa, filinta kuma yana Shara'i. Ita ce ta fara ɗaukar Kofin Sarki a 1957, ta sake ɗauka a 1966. A nan Nasir Al-Shamrani ya taso, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan nahiyar Asiya a 2014. A nan kuma Usama Hausawi ya fara, haifaffen Makka, wanda ya riƙe wa Saudiyya kyaftin a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. Ku dubi sunan nan da kyau, Hausawi. Ba baƙi ba ne mu a tarihin ƙungiyar nan, shi ya sa faɗuwarta ta shafe mu ko da ba mu taɓa sayen tikiti ba.

To, mu saurari masu cewa a ƙara mutum a gaba. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Ighalo ba ɗan wasan da zai karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili ya yanke mutum uku ba ne. Aikinsa a cikin da'irar gola yake: ya tokare mai tsaron baya da ƙirji, ya juya, ya buga. Da haka ya fi kowa cin ƙwallo a gasar kofin Afirka ta 2019 da ƙwallo 5, da haka ya fi kowa ci a gasar Saudiyya ta kakar 2021 zuwa 2022 da ƙwallo 24, kuma da haka ya ci wa Al-Wahda 15 a kakarsa ta farko. Irin wannan ɗan wasa in ba a kawo masa ƙwallo inda yake ba, kallo zai yi ta yi kamar ni da ku. Wannan gaskiya ce. Inda hujjar ta karye shi ne, mutum goma sha ɗaya ne a fili, ba sha biyu ba. Duk wanda ka tura gaba, daga tsakiya ka ciro shi. Ƙungiyar da tsakiyarta ke yoyo da mutum biyar, yaya za ta yi da huɗu a gaban Al-Hilal ko Al-Ittihad? Na sha tambayar masu wannan ra'ayi wa za a cire, sai su ce wannan aikin koci ne. Ai kuwa in ba ka faɗi wanda za a cire ba, ba tsari ka kawo ba, fata ka yi.

Masu cewa a ajiye shi su ma suna da abin kamawa. An haife shi a 1989, yana da shekara 35 a kakar da aka faɗi, kuma ƙwallayensa sun ragu sosai. A ƙwallon yanzu ɗan gaba shi ne mai tsaron farko, shi zai fara takura wa 'yan bayan abokan karawa kada su fito da ƙwallo cikin natsuwa. Ƙafar ɗan shekara 35 ba za ta yi wannan zirga-zirgar minti casa'in ba, balle a zafin Makka. Amma su waɗanne yaran ne za a sa? Tun watan Yunin 2023 da asusun zuba jarin gwamnati ya karɓi ragamar Al-Hilal da Al-Nasr da Al-Ittihad da Al-Ahli, duk yaron da ya nuna ƙafa a ƙaramar ƙungiya kwanansa ƙidayayye ne. Tun kafin haka ma ai Shamrani da Hausawi da ƙuruciyarsu suka bar Makka, Riyad suka yi. Ana maganar yara masu gudu kamar suna nan jibge a benci koci ya ƙi kallonsu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili, bari ni in faɗa. Rabin musun nan ba na ƙwallo ba ne, na fasfo ne. Mu 'yan Najeriya muna kare Ighalo don namu ne, ko da ranar bai taɓa ƙwallo sau biyar ba. Wasu maƙwabtanmu kuma in abu ya lalace baƙon da ya fi ɗaukar albashi suke fara nunawa da yatsa. Abin dariyar, mu ɗin nan da muke kare shi yau, mu ne muka yi masa ruwan zagi a 2018 da ya ɓarar da dama a wasan Ajantina, har abin ya kai ga yi wa iyalinsa barazana. Wanda zai yi hukunci a kan tsarin wasa ya fara cire rigar ƙasa tukuna.

Yanzu ga abin da nake ganin an tsallake. A wurin aikinmu in aka shigo da wanda ya yi haɗari jini na zuba, 'yan uwansa abu ɗaya suke kira: a ƙara masa jini. Ba laifinsu ba ne, ledar jini ita ce abin da ido ke gani. Amma duk nas ta san in ba a danne inda yake zuba ba, leda goma ma ƙasa za ta bi. Al-Wahda a kakar da ta faɗi tana cikin ƙungiyoyin da aka fi zura wa ƙwallo a raga. Maki ɗaya ne tsakaninta da Al-Akhdud da ta tsira. A wasa 34, da biyu kacal daga cikin waɗanda aka sha kashi sun tashi canjaras, da yanzu ba wannan zancen muke ba. Canjaras biyu ba ɗan gaba na biyu yake nema ba. Yana neman gola da 'yan baya da suka san juna, da ɗan tsakiya da zai tsaya a wurinsa in an ƙwace ƙwallo.

Ku tuna abin da ya faru kafin a shiga kakar. Munir, golan nan ɗan Maroko, ya koma gida. Faisal Fajr, shi ma ɗan Maroko, wanda ke raba ƙwallo a tsakiya kuma yake ɗaukar bugun tazara da na kusurwa, ya tafi Al-Ta'awun. Wato an rasa mai tare gida, an kuma rasa mai ɗebo wa Ighalo abinci, duk a bazara ɗaya. Sannan ga sauyin koci: Sierra, sai Donis, sai Zinnbauer, sai aka sake kiran Carreño da abu ya ƙi. Mutum huɗu cikin abin da bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba, kowa da tsarinsa, kowa da irin 'yan wasan da yake so. Mara lafiyar da ake canja wa likita duk mako, kowane ya soke maganin na baya, ko ciwon ƙarami ne sai ya kwantar da shi.

In kuna son shaida daga tarihin ƙungiyar kanta, ba sai an je nesa ba. A watan Afrilun 2023 Al-Wahda ta je Riyad ta fitar da Al-Nasr, da Cristiano Ronaldo a ciki, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Sarki. Ci ɗaya ne, Beauguel ya ci kafin hutun rabin lokaci, aka kuma ba ɗan bayanta jan kati bayan an dawo, ta ƙarasa da mutum goma. Ba da yawan 'yan gaba aka yi wannan ba. An toshe hanya ne, aka jira dama ɗaya, aka yi amfani da ita. Shi ne dare mafi daɗi da masoyan ƙungiyar suka gani a shekarun nan, amma in ana musu ba mai kawo shi, don ba ya taimakon kowane ɓangare.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya a ciki. A wasan ƙarshe a Jidda, ranar 12 ga Mayun 2023, Al-Wahda ta riƙe ci ɗaya har cikin ƙarin lokaci, sai Ali Al-Bulaihi ya farke wa Al-Hilal, aka je fenareti aka rasa kofin da 7 da 6. Wanda ya kwanta a ƙofar gidansa yana tare duka, wata rana ɗaya zai wuce. Kuma tunda nasara maki uku ce canjaras ɗaya, ba a rayuwa da tsaro kaɗai. Ban ce a jibge mutum goma a gaban raga ba. Abin da nake cewa shi ne, harin ƙaramar ƙungiya daga inda ta ƙwaci ƙwallo yake farawa. In a bakin ragarka kake ƙwata, tsakaninka da ɗan gabanka tafiya ce mai nisa, dole ka ɗaga ta sama ka yi addu'a. In a tsakiya kake ƙwata, bugu biyu ya isa ɗan fiffike irin Craig Goodwin ya sami fili ya aika wa Ighalo. Ashe kaɗaicin da ake tausaya masa a kai daga baya ya samo asali.

Me ya sa ba ma ganin haka? Saboda yawancinmu ba wasa muke kallo ba, guntayen bidiyo muke kallo a waya tsakanin aiki da aiki. Bidiyon minti uku ƙwallon da aka ci da wadda aka ɓarar yake nunawa. Ba ya nuna ɗan tsakiyar da ya yi tafiyar ƙasaita lokacin da ya kamata ya dawo da gudu. Sai mu fito da hukunci a kan fuskar da kyamara ta fi nuna mana. Mutanen Kano sun san irin wannan. Pillars da ta ɗauki gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 ta faɗi a 2022, shekarar da aka cire mata maki saboda rikicin 'yan kallo a filin Sani Abacha. Can ma ana ta zancen wa zai ci ƙwallo, alhali ɓarakar tana wani wuri.

Ga inda musun naku zai yi rana. A rukuni na biyu Al-Wahda ce mai suna, ƙananan ƙungiyoyi ne za su zo Shara'i su kulle gida su jira ta. A nan tambayar mutum ɗaya a gaba ko biyu ta zama tambaya ta gaske, don yanzu ita za ta nemi hanyar fasa ƙofa. Amma ko a nan sharaɗin bai canja ba: koci ɗaya a bar shi ya kai ƙarshen kaka, 'yan baya huɗu su daɗe tare har su san numfashin juna. Ƙungiyar nan ta zo ta huɗu a 2020, ta faɗi a 2021, ta dawo a 2022, ta sake faɗuwa a 2025. Wannan hawa da saukar ba ɗan gaba ɗaya ne ya jawo shi ba, ba kuma ɗan gaba ɗaya ne zai tsayar da shi ba.

Roƙona ga iyayen da ke nan, tunda tun 2018 mata ma suna shiga fili, ku ɗauki yaran ku je Shara'i ko sau ɗaya a kakar nan. Ku ce musu su bar kallon mai ƙwallo, su kalli abin da sauran goman ke yi a daƙiƙa biyar na farko bayan an ƙwace ta. In kun dawo gida sai a ci gaba da musun. Ku kuma na nesa, in ɗan uwa ya bugo yana cewa a cire wane a sa wane, ku tambaye shi ƙwallo nawa aka zura musu a wasan kafin ya faɗa muku nawa suka ɓarar.