Jinjina Ga Masu Gudun Asuba na Kaduna

A watan Nuwamba na 2020 Kaduna ta shirya tseren kilomita 21, rabin gudun fanfalaki ke nan. 'Yan Kenya da sauran gwanaye suka zo neman kyauta, kuma sun cancanci yabo. Ni dai jinjinata ga waɗanda suka biyo baya ne: malamin makaranta, tela, ma'aikaciyar asibiti, mutanen da babu mai biyansu ko sisi.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka wasa ne. Watanni mutum ke yi yana fita bayan sallar asuba, cikin hazon hunturu, yana zagaya dandalin Murtala, yau kilomita 5, wani makon 8, har ƙafa ta saba. Ranar tsere kuma, daga kilomita 15 gwiwa take fara magana, numfashi ya yi nauyi. Gwani ya gama cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, shi kuwa yana nan bayan awa biyu, bai tsaya ba.

Idan ka gamu da su a titi da sassafe, rage gudun motarka, ka ce musu sannu da ƙoƙari.